Ramar Wuta a Hanya: Daga Kainji Zuwa Wudil

Duk wanda ya taɓa tsayawa a karar Wudil ranar Juma'a da la'asar ya ga yadda ake loda shanu a tireloli za a yi kudu da su. Dillalin da ya san sana'arsa ba ya lissafin sa da nauyin da ya gan shi a Wudil. Ya san kafin a sauke shi a Legas ko Fatakwal, yunwa da ƙishirwa da tsayuwar kwana biyu sun zabge masa nama, don haka tun wurin ciniki yake cire ramar hanya daga kuɗin. Wannan ramar ba ta hana shi barci, domin ya san iyakarta. Abin da zai tayar masa da hankali shi ne ya loda shanu arba'in, a bugo masa waya a ce ashirin da biyar ne suka isa, direba da yaron mota da mai karɓa kowa ya rantse bai san inda sauran suka shiga ba.

A bisa wannan titi na Kano zuwa Maiduguri, idan ka ɗaga kai, akwai wata hajar da ke tafe a kan waya, ita kuwa daga kudu take yin arewa. Ita ma tana ramewa a hanya, kuma irin ɓatan nan na biyu, wanda ba mai iya cewa ga inda kaya suka shiga, shi ya fi cinye ta. Mai walda a bakin tasha ya san haka ko da bai taɓa ganin alƙaluman hukuma ba. An kawo wuta, ya kunna inji, injin ya yi gurnani ya ƙi kama ƙarfe. Mai ƙanƙara ta taɓa firjinta ta ji shi da ɗumi. Kwan fitila ya yi ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Sai a ce yau lo-karan ce. Ga shi kuma ƙarshen wata bil zai zo cikakke, bai rame ko kaɗan ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Wannan asara tana da tarihi, an kuma gina ta ne hawa-hawa kamar katanga.

Da farko wayar gajera ce. Wutar lantarki ta fara haskawa a Legas a 1896, da ƙananan injuna masu ƙarfin kilowat 60, abin da a yau bai isa ya riƙe babban injin casar shinkafa ba. A 1929 kamfanin NESCO ya fara samar da wuta da ƙarfin ruwa a Kurra, kusa da Jos, saboda masu haƙar kuza. A Kano kuwa En'e ce ta ɗauki nauyin aikin da kuɗin baitulmali, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a farkon shekarun 1930, tare da aikin ruwan famfo na Challawa. Injin yana nan kusa, masu shan wutar ba su da yawa: ofisoshi, asibiti, kantunan 'yan kasuwa da gidaje ƙalilan. Wanda ya samar da wutar shi ke rarraba ta, shi ke karɓar kuɗinta, ya kuma san kowane gida da sunan mai shi. A irin wannan tsari, idan wuta ta ɓata, ba a daɗe ana neman inda ta bi. Haka aka tafi, kowane gari da injinsa, har 1951 da hukumar ECN ta soma aiki ta karɓe tashoshin gwamnati da na En'e-En'e, har da na Kano da Katsina.

Abin da ya sauya komai shi ne Kainji. An kafa hukumar madatsun ruwan Neja a 1962, aka kammala madatsar a 1968, daga baya ƙarfinta ya kai megawat 760. A 1972 aka haɗe hukumomin biyu suka zama NEPA, sunan da har yau shi yara ke kira idan wuta ta dawo, duk da cewa hukumar ta daɗe da rasuwa. Tunanin wancan lokaci mai kyau ne: maimakon kowane gari ya riƙa ƙona gawayi ko man dizal, a tara wuta mai araha a 'yan wurare, a ja ta da manyan layuka zuwa ko'ina. Aka ƙara Jebba a 1985, Egbin ta Legas mai megawat 1,320 a tsakiyar shekarun 1980, sai Shiroro mai megawat 600 a 1990. Amma duba taswira ka gani. Ruwan yana jihar Neja da iyakar Kwara, iskar gas tana can kudu, kuma a yau gas ɗin ne ke ba da mafi yawan wutar ƙasar. Wutar da ta taso daga Kainji sai ta bi Jebba, ta bi Shiroro, ta shiga Mando a Kaduna, sannan ta miƙo zuwa Kumbotso, tafiyar fiye da kilomita 600. Ta kudu kuwa tafiyarta ta fi haka. Kano ta zama ta ƙarshen layi, Wudil kuma tana bayan Kano. (Akwai ma waɗanda ke bayanmu: Maradi da Damagaram ta layin Katsina suke samun tasu.)

A nan ya kamata a tsaya a fahimci abin da ke faruwa a cikin wayar, domin yawancin gardamar da ake yi a majalisa kan wuta, rashin sanin wannan ne ke tsawaita ta. Waya, ko ta tagulla ce ko ta alminiyam, tana yi wa wuta turjiya, kuma turjiyar tana mai da wani kaso na wutar zafi, zafin ya bi iska. Gwargwadon tsawon waya da sirantarta, gwargwadon turjiyarta. Mugun abin yana wurin kaya. Idan aka ninka kwararar wutar da waya ke ɗauka sau biyu, asarar ninki huɗu take yi. Idan aka ninka sau uku, ta yi ninki tara. Dabarar injiniyoyi ita ce a ɗaga matsin wutar, wato bolt ɗinta, domin idan aka ɗaga shi sau goma, kwararar da ake buƙata don kai kaya iri ɗaya ta ragu sau goma, asarar kuma ta ragu sau ɗari. Shi ya sa babban layin da ya zo Kumbotso yake ɗauke da bolt 330,000. A can ake sauke shi zuwa 132,000, a tashoshi irin ta Wudil a sauke zuwa 33,000, wani wurin a ƙara saukewa zuwa 11,000, sannan taransifomar unguwa ta mai da shi 415 a tsakanin layuka, kimanin 230 a soket ɗin ɗaki. Kowace taransifoma tana cin nata rabon, ko ana jan wuta ko ba a ja, matuƙar tana kunne. Ƙugin nan da ake ji idan an wuce ta da dare, wuta ce ke tafiya. Yanayinmu ma yana da hannu. Turjiyar alminiyam tana ƙaruwa da kimanin kashi 4 cikin ɗari a duk ƙarin zafi na digiri goma, ga shi a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, a lokacin ne kowa ke kunna fanka da firji.

Wannan ita ce ramar hanya ta halal, wadda ba ƙasar da ta kuɓuta daga gare ta. A duniya baki ɗaya, abin da ke zubewa tsakanin tashar samarwa da gidan mai amfani kimanin kashi 8 ne cikin ɗari. A Najeriya, manyan layukan dakon wuta kaɗai, kafin a shigo cikin gari, hukuma ta yarda su zubar da kashi 7 zuwa 8. Ka ga tun daga Kumbotso an riga an cinye abin da wasu ƙasashe ke asara a tafiyar gaba ɗaya.

Hawa na biyu na katangar, da kyakkyawar niyya aka ɗora shi. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya sa gwamnatoci suka shiga kai wuta karkara. Jihar Kano ta yi hukumarta ta wutar karkara, kuma gwamnatin Abubakar Rimi, ɗan ƙasar Sumaila, wadda ta yi mulki daga 1979 zuwa 1983, ana tuna ta da wannan aiki. A 1981 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin haɗa hedikwatocin ƙananan hukumomi da babban layi, a 1986 kuma aka kafa DFRRI da aikin hanya da ruwa da wutar ƙauyuka. Ba wanda zai ce kuskure ne a kai wa ƙauye haske, ni dai ba zan faɗa ba. Amma yadda aka yi shi ya bar gado. Kafa falwaya da jan waya abu ne da ake gani, ana yanka zare, ana kiɗa. Sauya tsohuwar waya da mai kauri ba ya tara jama'a. Sai aka yi ta jan layi ɗaya na bolt 33,000 daga gari zuwa gari, ana rataya masa ƙauye bayan ƙauye, har ya yi tsawon da ba a ƙera shi dominsa ba. Wanda ke kusa da tasha ya sha mai ƙarfi, na can wutsiya ya samu saura.

A cikin gari ma haka. Ƙidayar 1991 ta ba jihar Kano mutum miliyan 5.8, ta 2006 ta ba ta miliyan 9.4, ƙaramar hukumar Wudil kaɗai kimanin mutum 185,000. Garin ya samu makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda, ya samu jami'ar kimiyya da fasaha a 2001, ɗakunan kwanan ɗalibai da shaguna suka bazu a inda dā gonaki ne. Taransifomar da aka kafa don gida ɗari ta wayi gari da gida ɗari uku a wuyanta. Sabuwar unguwa ba ta jira a kawo mata tata. Sai a yi karo-karo a sayi waya mafi araha a kasuwa, a kafa sanduna, a jawo daga falwayar ƙarshe, na gaba shi ma ya jawo daga nan. Inda waya ta tsinke sai a murɗe ta da hannu a ɗaure, kuma kowane irin wannan ƙulli murhu ne ƙarami, da dare har tartsatsi ake gani. Ga kuma al'adar canja fes: idan layi ɗaya ya mutu, kowa ya ɗauko sanda ko ya zare fiyus ya koma wanda ke da rai, sai kayan unguwa duka ya taru a layi guda. Ka tuna lissafin ninki huɗu da ninki tara. Ba a jimawa taransifomar ta yi ƙara ta ƙone, a koma karo-karo.

Duk wannan yana faruwa ne a shekarun da hukumar NEPA kanta ta daina gini. Bayan Shiroro a 1990 an yi kimanin shekara goma ba a ƙara wata babbar tasha ba. Darajar naira ta faɗi bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, kayan gyara na ƙasashen waje suka yi tsada, kuɗin wuta kuwa gwamnati ta riƙe shi ƙasa. Lokacin da farar hula suka karɓi mulki a 1999, cikin injuna 79 na tashoshin ƙasar 19 ne kawai ke aiki, wutar da ake samu a rana kimanin megawat 1,750. Masana'antun Bompai da Sharada da Challawa, waɗanda su ne manyan masu biyan kuɗi a kan kari, wasu suka koma janareta, wasu suka rufe ƙofa.

Amma a ganina hawan da ya fi kowanne nauyi shi ne ɓatan mita. Na tashi na tarar da ita a bangon zaure, baƙa, da gilashi a fuska, da wani faifai a ciki yana juyawa a hankali, idan aka kunna dutsen guga ya ƙara sauri. Duk wata ma'aikaci zai zo da littafi ya karanta ya rubuta, maigida yana tsaye yana gani. Wannan ƙaramin akwati shi ne kwanon awo tsakanin mai saye da mai sayarwa. Da gidaje suka yi yawa, kuɗin sayo sababbin mitoci ya ƙare, masu karantawa suka gaza zagayawa, sai aka koma bil na kintace: a dubi gida daga waje, a ƙiyasta, a rubuta. Ka kwatanta kasuwar hatsi da aka ɗauke kwanon awo, mai sayarwa ya riƙa zuba maka da hannu yana faɗin kuɗi da ka. Ba za a yi kasuwa uku ba amana ta ƙare.

Abin da kintace ya haifar ya fi kuɗin da ya tara yawa. Mutumin da ya san ko ya kashe fitila ko bai kashe ba kuɗin ɗaya ne, ba shi da dalilin kashewa, shi ya sa kake ganin kwan waje yana ci da tsakar rana, ana dafa wake a kan risho na lantarki. Wanda aka kawo wa bil ɗin wata guda alhali taransifomarsu ta yi sati uku a ƙone, ya ga an zalunce shi, sai ya biya rabi ko ya ƙi biya. Aka zo da tsani aka yanke shi, da magariba ya kira mai gyaran wuta na unguwa ya mayar. Mai mita ya ga maƙwabcinsa yana shan ninkin tasa a kan kuɗi kaɗan, sai ya sa a yi masa baifas, a zagaye mitar da firji da injin ruwa. Wani lokacin kuma wanda aka aiko ya yanke shi ne zai karɓi na goro ya sauko daga tsanin. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tun a 1984 gwamnatin soja ta yi doka mai tsananin hukunci a kan masu taɓa wayoyin lantarki, ba ta kuwa hana ba, domin doka tana kama ɓarawo ɗaya ne a cikin masu gaskiya ɗari. Idan unguwa duka ta yarda abin ramuwa ce, wa zai nuna wa? Ina faɗin wannan ba don in wanke satar wuta ba. Haram ce, kuma wanda ake sata a wurinsa a ƙarshe shi ne maƙwabcin da ke biya, tunda abin da taransifoma ta sha aka rasa mai shi, a kan marasa mita ake raba shi.

Kada kuma a ɗauka talaka ne kaɗai ba ya biya. A Fabrairun 2024 kamfanin rarraba wuta na Abuja ya buga sunayen ma'aikatu da hukumomin gwamnati 86 da yake bi bashin naira biliyan 47, har da fadar shugaban ƙasa a ciki.

Akwai alƙaluman da Bankin Duniya ya tara na asarar wuta a layukan Najeriya shekara da shekaru, kuma duk mai son ganin illar rashin awo ya dube su. Sun nuna a 1981 kusan rabin wutar da aka samar ce ta ɓata. Sun yi ta hawa da sauka, a shekarun 1990 suna yawo tsakanin kashi 30 da 40 da wani abu, sai kwatsam a 2009 suka faɗo ƙasa da kashi 6, suka sake hawa zuwa kashi 16 a 2014. Kashi 6 lissafin ƙasashen da suka fi kowa gyara layukansu ne. Wanda ya zauna a Wudil ko a Kano a 2009 ya san ba a sauya wayoyin unguwa ba a shekarar, ba a raba mitoci gida-gida ba. Ni abin da na fahimta, irin wannan faɗuwa ta fi kama da sauyin yadda ake lissafi. Asara a takarda ita ce bambancin abin da aka tura da abin da aka rubuta wa bil. To, idan mai rubuta bil ɗin da ka yake yi, yana iya rubuta duk abin da aka tura, takarda ta nuna ba abin da ya zube, alhali kuɗin bai shigo ba.

Wannan ne ya sa da aka zo gyara aka ɗauko wani ma'auni da ya haɗa ramuka uku wuri guda: abin da waya ta ƙona, abin da aka sha ba a rubuta ba, da abin da aka rubuta ba a biya ba. Lissafinsa ba wuya. A misali, kamfani ya karɓi yunit 100, ya iya rubuta bil na 80, cikin kuɗin 80 ɗin kuma ya karɓo kashi 70 cikin ɗari. Kuɗin yunit 56 ke nan ya shigo, 44 sun tafi. A rahotannin NERC, hukumar da ke sa ido a kan harkar wuta, jimillar kamfanonin ƙasar sun yi shekaru suna kai-kawo tsakanin kashi 35 da 50.

Dokar gyaran harkar wuta ta 2005 ita ta kafa NERC, ta mai da NEPA ta zama PHCN, ta yanka ta gida 18: kamfanonin samarwa 6, na dako 1, na rarrabawa 11. Ranar 1 ga Nuwamba 2013 aka miƙa yawancin na rarrabawa ga 'yan kasuwa, suka riƙe kashi 60, gwamnati ta riƙe 40. Kano da Katsina da Jigawa suka faɗo hannun KEDCO, wanda rabonsa daga babban layi a lokacin kashi 8 ne cikin ɗari. Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba game da wannan ciniki: an riga an yanke farashin kowane kamfani, abin da masu saye suka yi takara a kai shi ne alkawarin wa zai fi rage asara cikin shekara biyar. Wato an gane ciwon tun a lokacin. Sai dai an yi alkawarin ne a kan alƙaluman da ba wanda ya auna su da kyau, kuma yawancin masu sayen da bashin banki suka saya, na dala, naira kuwa ta ci gaba da faɗuwa. Kuɗin da ya kamata ya tafi waya da mita ya tafi biyan bashi. A Yulin 2022 bankin Fidelity ya karɓe hannun jarin masu kamfanonin Kano da Kaduna da Benin saboda bashin da ba a biya ba, daga baya na Kano ya koma hannun wasu masu zuba jarin. An yi shirye-shiryen raba mita ɗaya bayan ɗaya, a 2013 da 2018 da 2020, an kuma sa wa bil na kintace iyaka a 2020, amma har 2024, cikin masu rajista kimanin miliyan 13 a ƙasar, fiye da rabi ba su da mita.

Daga 2020 asarar ta samu wani sabon aiki, ta zama ita ke raba wuta. An kasa masu amfani rukuni biyar gwargwadon awannin da aka yi musu alkawari a rana: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Kamfanin da wutar hannunsa ba ta isa kowa ba, kuma dole ya biya kuɗin duk yunit ɗin da ya karɓa, ina zai tura ta? Layin da kuɗi ke dawowa. Layin karkara mai tsawo, mai ƙulle-ƙulle, marar mita, shi ake fara kashewa. Mutanen layin su ga wutar ta ƙara ƙaranci, su ƙara ƙin biya, alƙaluman layin su ƙara muni, a ƙara rage musu awanni. Manomin rani da ke son injin ban ruwa a bakin kogi, da mai niƙa, da tela, waɗanda da sun samu wuta tsayayya da sun fi kowa son biya don ta fi fetur araha nesa ba kusa ba, su ne wannan zagaye ya fi cuta.

Na saman ma ba su tsira ba. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A daga naira sittin da wani abu zuwa naira 225 kowane yunit. A cikin wannan shekara jaridu suka ruwaito an yanke wa jami'ar Wudil wuta, wadda tun 2022 ake kira Jami'ar Aliko Dangote, saboda bashin da ya haura naira miliyan 200. Ɗaliban injiniyan lantarki suna karatun jarrabawa da fitilar waya, a garin da ke da tashar bolt 132,000. A cikin kowace naira ta wannan bil akwai kason wutar da wani ya sha bai biya ba da wadda tsohuwar waya ta ƙona, domin tsarin sa farashi yana ɗora wani ɓangare na asara a kan masu biya. Sakamakon a bayyane yake a kan rufin gidaje: duk mai hali yana kafa sola. Jami'ar Bayero ta samu tashar sola mai megawat 7.1 a 2019. Kowane mai biya na kirki da ya fita daga layi, nauyin ramar ya ƙaru a kan waɗanda suka rage.

An toshe irin wannan yoyo a wasu wurare, shi ya sa ba na karɓar maganar cewa halinmu ne. A arewacin birnin Delhi na Indiya asarar ta haura kashi 50 a 2002 da kamfanin Tata ya karɓi rarrabawa, aka sauko da ita ƙasa da kashi 10. A Yuganda ta sauko daga kusan kashi 38 a 2005 zuwa ƙasa da 20. Abin da suka yi ba asiri ba ne. An sa wa kowane layi da kowace taransifoma mita, don a san a wace unguwa wutar ke ɓata. An sauya wayoyi tsirara da masu rufi waɗanda ba a iya rataya musu ƙugiya. An kai babban matsi har kusa da gidaje da ƙananan taransifomomi masu yawa, maimakon ƙatuwa ɗaya da dogayen wayoyi. An ba mai amfani mitarsa, sannan aka ba shi wutar da za ta sa ya ji kunyar ƙin biya. Duka aiki ne na shekaru da kuɗi mai yawa, kuma ba mai yanka zare a kansa.

Nisan nan da aka gada daga Kainji ya nuna fuskarsa ƙarara a Oktoban 2024. Ɓarayi da 'yan ta'adda sun lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna, aka koma dogaro da wanda ya biyo ta Inugu da Binuwai zuwa Jos, shi ma ya faɗi. Yawancin jihohin arewa suka yi fiye da mako guda a duhu. Ƙanƙara ta yi tsada, masu cajin waya suka cika, masu casar shinkafa suka kashe injuna. A lokacin, wata goma sha shida ke nan da sa hannu a kan dokar lantarki ta Yunin 2023, wadda ta biyo bayan gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi ikon samar da wutarsu da rarraba ta da sa ido a kanta.

Ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Wudil, inda masu yashi ke nutso da kwale-kwalensu, daga Tiga da Challawa yake fitowa. Madatsar Tiga tun 1974 take tsaye, aikin gwamnatin Audu Bako, kuma sai bayan kusan shekara hamsin aka ɗora mata injin wuta mai megawat 10. A Kumbotso an buɗe tashar sola mai megawat 10 a farkon 2023. Ƙanana ne idan aka auna su da buƙatar jiha mai mutum fiye da miliyan goma, amma wutarsu ba ta tafiyar kilomita 600 kafin ta iso, kusan irin gajeriyar wayar da En'e ta fara da ita a Challawa. Za su rage ramar babbar hanya. Daga tashar Wudil zuwa shagon mai walda na bakin tasha kuwa, wayar nan ce dai mai ƙulle-ƙulle, da taransifomar gida ɗari mai ɗauke da ɗari uku, kuma a yawancin gidajen da ke rataye da ita, gurbin da mita take a bangon zaure har yanzu ƙusoshi huɗu ne kawai.